Sa Hannu

Shekara talatin da ɗaya na yi cikin farar riga,
a ƙaramin asibitin da ke bayan Farar Gada,
inda sanyin Jos ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa
ya kwanta da majinyata bai biya kuɗin gado ba.

Na san ƙirjin yaro idan ya fara lotsawa,
na san numfashin mai ciwon sukari,
warin lemon da ya kwana uku a kwando.
Na san maganin. Na san nawa, kuma sau nawa.
Amma birona zafin jiki kawai yake rubutawa,
da ƙarfe nawa aka juya tsoho a katifa.

"A jira likita."
Kalma uku. Na faɗe su har suka yi mini kanta a harshe.
Likita ɗaya, ɗakuna huɗu, ga tiyata,
shi ma ɗan mutane ne, idonsa ja kamar gauta.

Daren da aka kawo Gyang daga ramin kuza,
ƙafa ta kumbura, jiki ya zama garwashi,
kwalbar tana kabad, mabuɗin yana aljihuna,
takardar ce babu hannu a kanta.
Na yi ta jiƙa tsumma ina ɗora masa a goshi
har ladan ya kira assalatu.
Da hantsi likita ya iso,
ya rubuta abin da na sani tun jiya.
Gyang ya koma gida.
Ƙafar ba ta bi shi ba.

Yau ni ce a benci, riƙe da kati,
hawan jini ya kawo ni, gwiwa ta rako shi.
Wani mai jar hula yana ta mita:
"Nas ce fa a ciki, ba likita ba."
Mai dankali daga Bokkos ta gyara goyo ta ce,
"Ni dai tun da ta zauna a kujerar nan
ban sake yini a layi na koma da ciwona ba."

Aka kira sunana.
Nanret ce.
Yarinyar da na koya wa laluben jijiya a bayan hannu,
wadda ta sume ranar da ta fara ganin haihuwa,
muka bar mai naƙuda muna yi mata fifita.
Ta koma karatu, karatu a kan karatu,
ta ci jarrabawar da a zamaninmu ba a haife ta ba.
Yanzu ita ke dubawa, ita ke tura gwaji,
abin da ya fi ƙarfinta ta miƙa shi gaba ba kunya.
Albashinta dai har yau bai ji labarin ta girma ba,
kuma akwai manyan da ke gaishe ta da gefen baki.

"Sista Laraba, an rage gishiri?"
Na ce an rage.
Ta dubi idon sawuna, ta danna da yatsa,
ramin ya tsaya yana ba da shaida.
Ni na koya mata wannan.

Sai ta ɗauki biro,
shuɗi, na naira ɗari, an tauna murfinsa,
ta rubuta,
ta sa hannu.
Babu wanda aka jira.

Ba zan yi ƙarya sau biyu a rana ɗaya ba:
wani abu ya soke ni a ƙahon zuciya,
ban tantance ba, murna ce ko haushin shekaru.

Ban wuce ɗakin magani kai tsaye ba.
Na hau keke zuwa Taminus,
inda Gyang ke gyaran takalma ƙarƙashin lema,
yana ɗinke wa mutane ƙafa bibbiyu.
Na miƙa masa takardar. Bai iya karatu ba.
Ya juya ta, ya ce, "Sista, mene ne?"
Na ce, "Hannu ne. Duba nan ƙasa."
Ya duba ya daɗe,
sannan ya ce takalmina na hagu yana son ƙusa.